Kayan Harajuku sun yi kwantai: in ƙara jari?

Tambaya: Ina sayar da tufafin gwanjo ta Instagram a nan Kano, irin salon matasan Japan na da, na unguwar Harajuku da ke Tokyo, wanda yayinsa ya dawo. Ɗan wan babana yana karatu a Osaka, can Japan. Sau biyu na tura masa kuɗi, jimilla naira miliyan 1 da dubu 400, ya saya ya aiko. Guda 52 suka iso, cikin wata biyar 14 na sayar. Ya ce ƙarancin kaya ne ya hana ni ciniki, in turo miliyan 2 ya yi mini babban sari. Ina tunanin sayar da sarƙata ta gwal. Me ka gani?

Amsa: Ƙanwata, mayar da sarƙar nan inda kika ɗauko ta.

Da na karanta saƙonki na tambaye ki abu ɗaya: nawa kowace riga ta tsaya miki har ta shigo hannunki? Kika ce ba ki sani ba, yayanki ne ya san lissafin, kuma kina jin nauyin tambayarsa rasit. To a nan matsalarki take. Kin miƙa masa zaɓen kaya, kin miƙa masa lissafi, ke kin tsaya da tura kuɗi da ɗaukar hoto. Wannan cinikin biri a sama ne.

Bari in yi miki lissafin a dunƙule. Miliyan 1 da dubu 400 a raba gida 52, kowane ɗaya ya kama wajen dubu 27. Guda 38 suna jibge a ɗakinki, wato sama da miliyan 1 na uwar kuɗinki yana kwance cikin leda. A cikin dubu 27 ɗin nan nawa ne kuɗin riga, nawa ne na jirgi, nawa canji ya ci tsakanin naira da yen, kuɗin Japan, nawa ya tafi a kuɗin jirgin ƙasan da yayanki ya hau zuwa shaguna? Ba ki sani ba. Wanda bai san wannan ba, ko ya sayar da duka 52 ba zai iya rantsuwa cewa ya ci riba ba.

Ban ce yayanki ya ci amanarki ba, kada ki kai maganar can. Mai yiwuwa ko yen ɗaya bai taɓa ba. Amma ɗalibi ne, namiji, yana zaune a garin da ake sanyi na gaske, yana zaɓar wa 'yan matan Kano kaya da idonsa. Kin ce a cikin kayan akwai rigunan sanyi masu nauyi guda 9, har da irin wadda suke kira sukajan, mai aikin zare na damisa da gaggafa a baya. Riga ce mai tarihi, daga garin Yokosuka ta samo asali bayan yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka ne suke saya su kai gida tsaraba. Amma wa zai sa ta a Kano in ba a tsakiyar hunturu ba? Sati nawa ke nan a shekara? Ga guntayen siket irin na 'yan matan unguwar Shibuya ta Tokyo, waɗanda ke da kanki kin san ba mai fita da su daga gida a unguwarku. Ga awo: tufafin Japan yawanci sun fi namu ƙanƙanta, abin da aka rubuta wa babba a can yakan matse matsakaiciyar mace a nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kin san salon nan, kina sonsa, amma kin manta yadda aka yi ya zama salo. A 1997 wani mai ɗaukar hoto, Shoichi Aoki, ya fara fitar da mujallar FRUiTS. Tsayawa yake a titunan Harajuku yana ɗaukar matasa, ana rubuta abin da kowa ya sa a ƙasan hotonsa. Yaran nan haɗe-haɗe suke yi: gwanjo, da abin da suka ɗinka da hannunsu, da tsohon kimono, wato rigar gargajiyar Japan, wani ma ya ɗora takalmin katako na gargajiya a kan kayan Turawa. Kowa da idonsa ya tsinto nasa. Haka masu zayyana tufafi Nigo da Jun Takahashi, da suka buɗe ɗan shagonsu Nowhere a lungunan Harajuku a 1993, kaɗan-kaɗan suke fitar da kaya, ƙarancin ma shi ya ƙara musu farin jini. A wannan sana'a zaɓe shi ne hajar. Mai saye a wurinki idonki take biya, don ta huta da tonon dila. Idon nan kuma shi kika ba wani aro.

Na taɓa yin irin wannan, shi ya sa nake matsa miki. Shekarun baya na riƙa tura wa wani ɗan uwana kuɗi a ƙasar waje yana saro mini takalma. Babu takarda ko ɗaya tsakaninmu, don ina ganin neman rasit a wurinsa rashin kunya ne. A karo na uku kwali ya iso, fiye da rabi ƙananan lamba, ƙafar yara. Na yi magana, ya ji zafi, iyaye suka shiga. Kuɗin na daɗe da mantawa da su. Shekara biyu da muka yi ba ma gaisawa, har sallah ta zo ta wuce, ita ce har yau take damuna. Da mun rubuta lamba da adadi a takarda ɗaya tun farko, da ba a kai nan ba.

Maganar cewa yawan kaya zai kawo ciniki kuwa, ban karɓe ta ba. Wadda ta kasa sayar da 38 ba ɗari take buƙata ba. Sannan ki sani, tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su. Ranar da aka riƙe babban kwalinki a tashar jirgi, sarƙa ta tafi, kaya ba su zo ba.

Ki ɗauko littafi yau. Rubuta guda 14 da suka tafi: mene ne, wane awo, nawa, wa ya saya. Ina kyautata zaton za ki tarar manyan riguna masu faɗi ne da wanduna masu buɗaɗɗiyar ƙafa, abin da za a sa da mayafi ko a ƙarƙashin abaya a fita ba a jin kunya. In haka ne, kasuwarki ke nan ta gaya miki abin da take so. Sauran 38 ki karya farashi ki kwashe kuɗinki, rigunan sanyin kawai ki ajiye zuwa Disamba. Da abin da kika samu ki yi sammako zuwa Ƙofar Wambai ranar da ake fasa dila, ki tona da hannunki. Ki nemi tela mai hankali ya gyara miki awo. Japan suna ji da rinin shuni nasu da suke kira aizome, ke kuma karofin Ƙofar Mata yana cikin garinku, kuɗin adaidaita sahu kawai zai kai ki da fararen riguna biyar ki gwada.

Shi kuma yayanki, ki kira shi da girmamawa, ki yi godiya, ki ce kina haɗa littafin kasuwa kina roƙon ya turo miki lissafin sarin nan biyu. In za ku sake, guda 10 kawai, ki gani ta bidiyo yana cikin shagon da tef ɗin awo a hannunsa, ke ki ce wannan, ki bar wancan. Ki yanka masa la'ada a fili, kashi 10 cikin ɗari misali, a rubuce a WhatsApp kafin kuɗi su fita daga hannunki. In kin cika littafin, turo mini shafin farko in duba.