Sun ci Turanci a WAEC, amma taƙaita shafi ɗaya ya gagare su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa a wata jami'a a Zamfara, an ɗora mini tsara kwas ɗin Turanci na 'yan aji ɗaya. Duk suna da kiredit, amma in na ce su taƙaita shafi ɗaya, sai su kwafe shi sukutum. Abokan aiki sun ce in koma nahawu daga tushe. Ina tsoron zangon ya tafi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin ki tsara ko da mako ɗaya, zagaya sassa ki karɓo tsofaffin takardun jarrabawa da rahotannin ɗakin gwaji. Abin da malamansu ke nema a wurinsu, shi za ki koyar.

Batun komawa nahawu kuwa, na gaji da jin sa. Yaron nan shekara 12 ana yi masa bitar lokutan aikatau, daga firamare har sakandare, ya ƙara da na JAMB. Me mako goma sha 'yan kai zai ƙara masa? Na taɓa duba takardar wata ɗaliba daga Ƙauran Namoda, ta cinye cike-gurbi tas, amma da aka ce ta kwatanta gero da dawa, sai ta jero bayanin kowanne daban ta ajiye biro. Ba a taɓa nuna mata yadda ake kwatantawa a rubuce ba. Tun 1979 masanin koyon harshe Jim Cummins ya raba Turancin hira da na karatu. Bincikensa kan yaran baƙi a Kanada ya nuna na farko kan samu cikin kamar shekara 2, na biyun sai 5 zuwa 7. Amma ga masu allo a bakin titi suna alƙawarin Turanci cikin kwana 30, ga masu sayar da handawut cike da dokokin hadda. Cin kuɗin iyaye ne kawai.

Ki ɗauko jerin kalmomin karatu 570 da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000, ki koyar da su cikin nassin fanninsu. Duk mako su rubuta sakin layi ɗaya, su yi musaya su gyara wa juna, tunda ke kaɗai ba za ki iya duba duka ba. In sun fara tattauna batun da Hausa, ƙyale su, rubutun dai ya fito da Turanci. Nahawu kuma minti goma ya isa, a kan kuskuren da kika gani a takardunsu na makon.