Tambayar Mai Karatu: Ta Yaya Zan Koyar da Ɗa'ar Fasaha Ba Tare da Aji Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar jami'a ce, ina zaune a Samaru, Zariya. An ba ni kwas a kan ɗa'a da fasahar zamani, an kuma ce gaba ɗayansa ta intanet za a yi shi. Yawancin ɗaliban ma'aikata ne, wasu a Kaduna, wasu a Gusau, kuma da waya suke karatu. Na saba koyar da irin wannan darasi ta hanyar muhawara, ina tsoron kada ya koma rabon takardu kawai, su kuma su riƙa turo mini abin da ChatGPT ya rubuta. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumussalam Malama, Allah ya ƙara basira. Muhawarar da kike jin tsoron rasawa za ta yiwu, amma sai kin haƙura da tara kowa a Zoom lokaci guda, domin ɗalibin da aka ɗauke wa wuta, ko wanda datarsa ta ƙare ana tsakiyar bayani, ba zai amfana da komai ba. Abin da ya fi dacewa shi ne kowane mako ki naɗi muryarki na kamar minti goma, ki haɗa da labarin wani lamari na gaske da bai wuce shafi biyu ba, sannan ki buɗe zauren tattaunawa na tsawon makon. Idan jami'arku da Moodle, wato dandalin koyarwa ta intanet, take aiki, akwai nau'in zauren da ba ya nuna wa ɗalibi amsoshin sauran sai ya rubuta tasa. Ki zaɓi wannan, ki kuma wajabta wa kowa ya mayar da martani ga mutum ɗaya da suka saɓa ra'ayi. Za ki lura cewa matan da ke yin shiru a aji, da matasan da ke jin nauyin musa wa na gaba da su, sun fi sakewa idan rubutawa za su yi.

Zaɓen labaran shi ne babban aikin, kuma gara ki fara da na gida. Ɗauki manhajojin ba da rance ta waya, waɗanda hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara kai wa samame a Legas a 2022. Mutum yana son naira dubu goma, manhaja ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa, shi kuma ya danna amincewa bai karanta ba. Ranar biya ta wuce da kwana biyu, sai surukinsa da shugabansa a ofis su ga saƙo ɗauke da hotonsa ana kiransa ɓarawo. Ki raba wa ɗalibai matsayi: wannan ya yi magana da bakin injiniyan da ya rubuta manhajar, wancan da bakin mai kamfanin da ke cewa kuɗinsa yake nema, wani kuma da bakin surukin. Daga nan tambayoyin za su taso da kansu. Shin danna maɓalli ya isa a kira shi yarda? Injiniyan da aka umarta yana da laifi, ko albashinsa kawai yake ci? Sai bayan sun gwabza ne za ki kawo musu Dokar Kare Bayanai ta 2023, su auna abin da doka ta hana da abin da mutunci ya hana, domin ba kullum suke zuwa ɗaya ba.

Dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 zai raba ajin biyu, kuma rabuwar alheri ce. Daga waje kuma ga jiragen Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi a Indonesiya a 2018 da Habasha a 2019, mutum 346 suka rasu, bayan wata manhaja da ke dogara da na'urar auna iska guda ɗaya ta riƙa karkatar da hancin jirgin ƙasa. Wasu ɗalibai za su kafa hujja da addini, kamar ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane, wasu kuma da Littafi Mai Tsarki ko da falsafa. Ki karɓi duka, amma ki bayyana tun farko cewa makin na ƙarfin hujja ne da adalci ga ra'ayin abokin hamayya.

Akwai abin da malamai da yawa suke mantawa, wato tsarin kwas ɗin kansa lamari ne na ɗa'a. Idan kika buɗe rukunin WhatsApp, lambar kowace ɗaliba ta shiga hannun kowane ɗalibi. Idan kika tilasta kunna kyamara, kin leƙa cikin ɗakin matar aure da na magidancin da ba ya son a ga halin gidansa. Ni a ganina wannan ya kamata ya zama darasin makon farko: ki faɗa musu bayanan da dandalin yake tattarawa a kansu, da wanda ke iya gani, ki bari su yi muhawara a kan ƙa'idojin da ajin zai bi.

Game da ChatGPT, kada ki dogara da manhajojin da ke da'awar gano rubutun na'ura, domin kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a 2023 saboda yawan kuskurenta, kuma zargin ɗalibi da sata a kan irin wannan shaida zalunci ne. Ki ba da aikin da sai an taka ƙafa. Misali, kowa ya je wurin mai gyaran waya a kasuwar garinsu, kamar ta Sabon Gari ga na Zariya, ya nemi izininsa, ya tambaye shi yadda yake yi da hotuna da saƙonnin da ke cikin wayoyin da ake bar masa, ya rubuto abin da ya ji ba tare da ambaton suna ba. Wanda ya yi amfani da na'ura wajen gyara rubutunsa ya faɗa a ƙarshen takarda. Daga nan ki kira kowane ɗalibi a waya na minti biyar, ki yi masa tambaya biyu a kan abin da ya rubuta. Idan ɗaliban sun yi yawa, ki raba kiran a kan makonni, ta yadda kowa zai samu nasa sau ɗaya kafin jarrabawa.