Faifai ko saukewa: wane wasa ne naka da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan gem a Sabon Gari, nan Damagaram, da PS4 guda uku. Wata huɗu da suka wuce na biya wani mutum ya zuba mini wasan ƙwallo a ɗaya daga ciki, ba da faifai ba, ta asusunsa. Shekaranjiya na kunna sai na ga hoton kwaɗo a kan wasan, ya ƙi buɗewa, shi kuma mutumin ya daina ɗaukar wayata. Yanzu ina tara kuɗin PS5, an ce mini wadda ba ta cin faifai ta fi araha. Shin wasan da na biya kuɗinsa ba nawa ba ne? Kuma wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Allah ya mayar maka da alheri. Gaskiya ɗaya ce: wasan nan bai taɓa zama naka ba. Shi kansa wanda ya zuba maka izinin bugawa kawai yake da shi daga Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, kai kuma ka biya ne ya ara maka wani yanki na izinin. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ga yadda kwaɗon yake zuwa. Duk wasan da aka saya a shagon PlayStation na intanet a ɗaure yake da asusun da ya biya kuɗin, ba da na'ura ba. Kowane asusu yana da damar zaɓar PS4 ɗaya tak a matsayin babbar na'urarsa. A kan wannan ɗayar, kowa zai iya buga wasan, ko da rezo ko babu. A kan wata na'urar daban kuwa, sai ka shiga da asusun mai wasan, kuma sai intanet tana nan, domin na'urar tana ta tambayar kamfani ko izinin yana nan. Masu wannan sana'a sukan sayi wasa sau ɗaya su sayar wa mutum biyu ko fiye: wani a ba shi gurbin babbar na'ura da tsada, wani a ba shi ɗayan da sauƙi. To Sony ta ba mai asusu damar ya shiga shafinta ya cire dukan na'urorin da ke maƙale da asusunsa a lokaci guda, sau ɗaya cikin wata shida. Da ya yi haka, ya canza lambar sirri, gurbinka ya koma hannunsa, ya sayar wa wani. Akwai kuma hanya ta biyu da ta fi muni: a sayi wasan da katin banki na sata, mai katin ya kai ƙara banki ya janye kuɗin, Sony ta rufe asusun da duk abin da ke ciki.

Kafin ka haƙura, gwada abu biyu. Haɗa na'urar da intanet, ka shiga da asusun mutumin idan har yanzu yana buɗewa, ka je Paramètres, sannan Gestion du compte. Duba layin Activer en tant que PS4 principale, ka ga ko a kunne yake. Sannan ka danna Restaurer les licences. Idan matsalar ta rezo ce kawai, kwaɗon zai tafi nan take. Idan kuwa ta ce lambar sirri ba daidai ba ce, to an rufe ƙofa. Kada ka kashe kuɗin kira wajen neman Sony ta shiga tsakani, don sayar da gurbin asusu ya saɓa wa sharuɗɗanta tun farko, kuma sunanka ba ya cikin rajistarta.

Yanzu mu ɗauka da asusunka ka saya, da kuɗinka na halal. Ko a nan ma abin da ka samu lasisi ne, wato takardar izini. Ya fi kama da shagon haya da ka biya kuɗinsa gaba ɗaya: kana ciki, kana harkarka, amma ba ka da ikon sayar da shi, kuma makullin asali yana hannun mai gini. Kamfanonin da kansu sun yarda da haka. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a Satumban 2024, mai lamba AB 2426, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, ta hana shagunan intanet rubuta kalmar "saya" sai sun bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi ne yake karɓa. Tun kafin ta fara aiki, a Oktoban 2024, shagon Steam na masu kwamfuta ya soma rubuta wannan gargaɗin a wajen biyan kuɗi.

Abin da ya fi girgiza mutane shi ne labarin The Crew, wasan tseren motoci na kamfanin Ubisoft na Faransa. Ya fito a 2014. A Disamban 2023 aka daina sayar da shi, ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe manyan kwamfutocin da yake dogaro da su. Daga ranar wasan ya mutu a hannun kowa, har da waɗanda suke riƙe da faifansa fes a cikin kwali, domin an gina shi ne yadda ba ya tashi sai ya gaisa da kamfani. Wannan ne ya haifar da yunƙurin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, da Ross Scott, wani mai yin bidiyo a YouTube, ya fara a Afrilun 2024, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Mu a ganinmu koken yana kan gaskiya: wanda ya karɓi cikakken kuɗin kaya bai kamata ya bar wa kansa hanyar kashe kayan daga nesa ba.

Shaguna ma suna rufewa. Nintendo ta rufe na na'urorinta 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a ƙarshen Yulin 2024. A nan dai an yi adalci, wanda ya riga ya saya an bar masa damar sake saukewa. Amma damar a hannunsu take.

Faifai fa? Fifikonsa a fili yake. Shi ne makullin da kansa. Ka sa shi, na'ura ta kwafe wasan zuwa cikinta, duk lokacin da za ka buga ta duba faifan yana ciki, shi ke nan. Ba ta tambayar sunanka. Za ka iya ba maƙwabci aro, ka yi musaya da wani, ko ka sayar idan sabon wasan ƙwallo ya fito ka cika kuɗi ka ɗauko shi. Ga mai sana'a irin taka, wannan jari ne da ake iya mayarwa kuɗi ranar da ta ɓaci. Ga kuma batun giga. Wasa mai giga 50, a layin da ke ba ka megabit 5 a daƙiƙa ba yankewa, zai ci awa 22 da ɗoriya kafin ya sauka. Idan layin ya faɗo zuwa megabit 2, ya haura awa 55. Sa ɗaukewar wuta a lissafin, ka sa kuɗin forfe, za ka ga arahar da aka ce maka ta fara zagwanyewa. Faifan PS4 yana ɗaukar har giga 50, na PS5 har giga 100, kuma duk wannan kaya ne da ba sai ka saya a wajen kamfanin waya ba.

Sai dai ba kowane faifai ne ke ɗauke da wasa ba, a nan ne ake cutar mutane da yawa. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke cikinsa bai kai mega 100 ba, sauran wasan, mai giga masu ɗimbin yawa, sai an sauke. Nintendo ma da ta fito da Switch 2 a Yunin 2025 ta zo da wani irin kati da ba wasa a cikinsa sam, makullin saukewa ne kawai, ko da yake shi ana iya sayar da shi ga wani. Saboda haka idan za ka sayi faifai, a kasuwar Dole ne ko cikin kayan da ake kawowa daga Kano, kada ka biya sai ka yi wannan gwajin a gaban mai kaya. Juya bayan kwalin tukuna, ka nemi inda aka rubuta cewa sai da intanet, da Faransanci ko da Ingilishi, yawanci da ƙananan haruffa can ƙasa ko a gefen gaba. Fitar da faifan, ka riƙe shi ta baki-baki, ka karkata shi ga haske, ka duba zagayen ramin tsakiya ko akwai tsagewa, domin ƙaramar tsagewa a nan ƙaruwa take yi duk lokacin da ya juya. Sannan a kashe intanet ɗin na'urar gaba ɗaya, a sa faifan. Kada ka yarda da cewa ai hoton wasan ya fito. Jira layin kwafewa ya cika har ƙarshe, don faifai mai rauni yakan tsaya ne a tsakiya, sannan ka buga minti goma. Abin da ya tashi a haka, shi ne za ka iya kira naka.

Tunda ƙwallo ce abincin gidanka, bari mu tsaya a kanta. FIFA 23 shi ne na ƙarshe da wannan suna, daga 2023 ya koma EA Sports FC, kuma a Satumban shekarar aka cire tsofaffin FIFA daga shagunan intanet. Wanda yake da faifansu yana bugawa har yau. Wasan mutum biyu a kan kujera ɗaya, wanda shi yara suke biya dominsa, ba ya buƙatar rezo, sabunta sunayen ƴan wasa ne kawai ke buƙata. A ɓangaren kamfanin Konami, wasansa na ƙwallo PES 2021 ne na ƙarshe a tsohon tsari, daga nan aka koma eFootball da ake saukewa kyauta amma ya jingina da intanet. Shi ya sa masu gidajen gem ba sa sakin faifan PES 2021 da arha. Idan kana da shi, riƙe.

Saukewa ma tana da ranarta, ba za mu ɓoye ba. Ba ta karcewa, ba yaron da zai zare ta ya sa a aljihu, kuma lokacin rangwame farashi yakan faɗi sosai. Sannan faifai ɗaya na'ura ɗaya yake yi wa aiki a lokaci guda, alhali wasan da ka sauke da asusunka zai iya tashi a biyu: babbar na'urar ba rezo, ta biyun da rezo. Idan za ka bi wannan hanya, to asusun ya zama naka tun daga tushe. Buɗe shi da imel ɗinka, ba na mai shago ba. Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa, yawancin mutanenmu Faransa suke sawa, kuma ka sani ba a canza ƙasar bayan an buɗe. Katin kuɗin da za ka loda dole ya zama na ƙasar da ka zaɓa, katin dalar Amurka ba ya shiga asusun Faransa. Haka ƙarin kayan wasa: faifan PS4 na kowace ƙasa yana tashi a kowace na'ura, amma ƙarin da ka saya daga shagon Turai sau da yawa ba ya haɗuwa da faifan Amurka. Dubi alamar shekaru a gaban kwali, PEGI ta Turai ce, ESRB ta Amurka. Kunna tabbaci mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta biyu bayan lambar sirri kafin a shiga asusu, ka kwafe lambobin ajiya da za a ba ka a takarda, ka haɗa da lambar jikin na'urar da rasit ɗin kowane saye, domin irin waɗannan ake tambaya ranar da aka sace asusu. Kuma kada ka ɗauki wasannin PlayStation Plus, tsarin biyan kuɗin wata na Sony, a matsayin dukiya: ranar da kuɗin wata ya ƙare, kwaɗo zai dawo kansu.

Batun PS5, shawararmu ka ƙara haƙuri ka sayi mai cin faifai. Wadda ba ta ci ta ɗaure ka da shago ɗaya da farashi ɗaya, kuma duk faya-fayan PS4 da ka tara ba za su shiga ba, alhali mai cin faifai tana buga kusan dukansu. Lura da samfuri. Ta farko, ta 2020, idan ba ta zo da wurin faifai ba, ba a ƙara mata har abada. Siririyar da ta fito a ƙarshen 2023, da PS5 Pro ta 2024, ana iya saya musu wurin faifai daban a maƙala, amma sai an haɗa da intanet sau ɗaya domin na'urar ta yi rajistarsa. Idan ta hannu za ka saya, a gwada faifai a gabanka, kuma mai ita ya fitar da asusunsa kafin ka miƙa kuɗi.

Abin da ke kashe faifai a garin nan ƙura ce da zafi. Bayanan faifan Blu-ray, wato irin faifan PS4 da PS5, suna kwance ne milimita 0.1 kacal ƙarƙashin fuskarsa, don haka gurzawar da ake yi wa tsofaffin faya-fayai da man goge haƙori ko injin gogewa tana iya cinye shi. Goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba zagaye ba. Kada a bar shi a kan na'ura mai zafi ko bakin taga lokacin bazara, yana lanƙwashewa. Da hunturu, a rufe na'urorin da zane idan an kashe su, a ɗaga su daga ƙasa. Kai kaɗai ko yaron shagonka ku riƙa sawa da cirewa. Idan cikin na'ura ya cika, PS4 tana karɓar ma'ajiya ta waje mai USB 3.0, daga giga 250 zuwa tera 8, kuma tana buga wasa kai tsaye daga ciki. PS5 kuwa nata wasannin ajiya kawai take yi a can, sai an dawo da su ciki kafin a buga.

Shi kuma wasan da ya kulle, kada ka yi saurin share shi. Idan ka sayi irinsa sak da asusunka, na yanki ɗaya, sau da yawa na'urar takan karɓi abin da ke ciki ba sai ka sake sauke giga ɗin ba. Amma asusun mutumin, cire shi daga na'urarka da zarar ka tabbata ba ya buɗewa.