Likita Ya Amsa: Ciwon Tsakiyar Ido na Gado

Likita, 'yata mai shekara 11 ba ta ganin rubutun allo, an sauya mata tabarau sau biyu ba sauƙi. Yanzu an ce Stargardt ne. Makancewa za ta yi?

Hajiya, kwantar da hankalinki. A can cikin ido akwai tantanin da ke karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan wurin da ake kira makula, da shi muke karatu da gane fuska. Ciwon nan da likitan Jamus Karl Stargardt ya bayyana a 1909, makular yake ci. Ƙwayar gado ABCA4 ce ke samun tangarɗa, sai dattin bitamin A ya riƙa taruwa a wurin, shi ya sa tabarau ya gaza. Amma ganin gefe yawanci yana nan, za ta yi zirga-zirgarta ba ɗan jagora.

Za ki ga tana karkata kai tana kallonki ta wutsiyar ido. Don Allah kada a tsawata mata, ba raini ba ne, inda ke gani take nema. Wannan na ci mini rai, don yara da yawa sun sha faɗa a kansa. Har yanzu babu maganin warkewa. A zaunar da ita gaban aji, a samo mata gilashin ƙara girman rubutu da tabarau na rana, kuma kada a ba ta ƙwayoyin ƙarin bitamin A.

Ni da matata lafiyarmu ƙalau, ta ina yaronmu ya gado ciwon Stargardt?

Daga ku biyun, Malam. Kowannenku na ɗauke da ƙwayar a ɓoye, kuma a kowane ciki yiwuwar a haifi yaro mai ciwon kashi 25 ne cikin 100. A duba sauran yaran.

Ina da ciwon Best, kwana uku ke nan ina ganin ƙofa ta lanƙwashe. In jira?

Kada ka jira! Ciwon Best, wani ciwon gado mai kama da gwaiduwar ƙwai a makula, kan daɗe bai taɓa gani sosai ba. Amma lanƙwasar layi farat ɗaya na iya nufin sababbin jijiyoyi marasa ƙwari sun tsiro ƙarƙashin tantanin suna yoyon jini ko ruwa. Wannan kam yana da magani, allura ce da ake yi a cikin ido, irin su Avastin. Idan aka yi jinkiri tabo zai zauna. Ka ga likitan ido gobe-goben nan.