Ƙura a Cikin Gilashin Kyamara: A Buɗe a Wanke, Ko a Rage Farashi?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kyamarori na hannu a wajejen titin Beirut a nan Kano, wanda kuma yake ba masu ɗaukar hoton biki hayar gilasai, ya aiko da wannan tambaya: "Duk mai saye da ya zo sai ya haska cikin gilashin da tocilar wayarsa, da ya ga ƙura sai ya karya tayi. Shin in riƙa kai wa mai gyara yana buɗewa yana wankewa, ko kuwa in haƙura in rage kuɗin?"

Alhaji, shawarata ita ce kada ka kashe ko kwabo wajen buɗe gilashi saboda ƙura kawai, kuma kada ka zubar da farashinka saboda ita. Abin da ya fi yi maka amfani shi ne ka iya bambanta ƙurar da ba ta cutarwa da aibin da yake cin jari, domin abubuwa uku ne masu saye suke haɗawa su kira ƙura, alhali hukuncinsu a kasuwa ba ɗaya ba ne.

Ƙurar da ake hangowa a tsakanin gilasai kusan ba ta fitowa a hoto, saboda tana zaune ne a wurin da saitin kyamara ba ya kamawa, hasken da ya shigo kuma yana wuce ta ta kowane gefe. Babu gilashin da ya yi aiki a garin nan da za a rasa ta a cikinsa. Gilashin zum, wato mai kusanto da abu ko nisanta shi, mai fitowa da komawa, irin Canon 24-105mm ko 18-55mm da ake sayar da ƙananan kyamarori da shi, duk sanda aka murɗa shi yana zuƙar iska ne yana fitarwa kamar zugazugin maƙeri, iskar Kano kuwa daga Nuwamba zuwa Maris tana ɗauke da ƙurar hunturu mai laushi da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ka ƙara da ƙurar dawaki a Hawan Daushe, sai ka ga cewa tsabtar da mai saye yake nema ba ta samuwa sai a cikin kwali.

Ɗigon baƙi da ke ɓata hoto kuwa, galibi a kan sensar kyamara yake, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikinta, gilashi bai san da shi ba. Gwajin ba ya cin minti biyar, kuma ina so ka mai da shi al'adar shagonka, a gaban mai saye: ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, sannan ka sauya gilashi ka sake ɗauka. Idan ɗigon ya tsaya a wuri guda a hotunan biyu, sensa ce take bukatar sharewa, aikin da kuɗinsa bai kai na buɗe gilashi ba ko kusa. Idan hoton ya fito fes, to mai saye ya gani da idonsa cewa ƙurar da ya haska ba ta taɓa abin da zai ci abinci da shi ba, kuma ba shi da sauran hujjar karya tayi.

Na ukun shi ne wanda nake jiye maka tsoro, wato fumfuna. Ita ba a hunturu take zuwa ba, a damina take kama gilashin da aka rufe cikin jaka mai danshi a wuri mai duhu, kuma za ka gane ta da zare-zare kamar saƙar gizo-gizo da ke farawa daga gefe. Tana yaɗuwa, idan ta daɗe kuma tana cin rufin da aka shafa wa gilashin, ta bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Haka nan hazon da ke lulluɓe gilashi daga ciki ya sa hoto ya dusashe, musamman idan an fuskanci haske. Waɗannan biyun ne kaɗai suka cancanci a kai wa mai gyara, shi ma sai an yi lissafi. A ganina, idan kuɗin aikin ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da za ka sayar da gilashin, ka sayar da shi yadda yake a farashi mai sauƙi, ka gaya wa mai saye aibinsa ƙarara, ka kuma rubuta a rasit. Ɓoye aibi ha'inci ne da addini ya hana, ga shi kuma masu hoton Kano sun san juna, labarin gilashi guda da aka yaudari mutum da shi zai zagaya kafin mako ya fita.

Abin da ya sa nake hana ka yawan buɗewa shi ne, gilasan da ke ciki an jera su ne a masana'anta da awo mai tsananin daidaito. Mai gyaran da ba shi da kayan saiti yana iya mayar da ɗaya a karkace, sai hoto ya riƙa fita gefe ɗaya garau, ɗaya gefen a dushe, wanda ya fi ƙura muni nesa ba kusa ba. Sannan shagon da za a buɗe shi ma a cikin iskar Kano yake, ba abin mamaki ba ne a cire ƙura goma a rufe da ashirin. Ƙaramin gilashi kamar 18-55mm ko 50mm f/1.8 kuwa darajarsa ba ta kai a yi masa wannan kasada ba.

Kuɗin da ka yi niyyar ba mai gyara, ka mai da shi kariya. Ka sayi akwatin roba mai rufewa ruf, ka zuba ƙunshin silika mai tsotse danshi, ka riƙa sabunta shi idan ya jiƙa. Ka tanadi famfon roba mai hura iska da ƙyallen goge gilashi, ka hana yaran shago hurawa da baki ko gogewa da bakin riga, domin ƙurar hunturu tana da yashi mai kartar gilashi. A fara hurawa kafin a goge. Kowane gilashin haya ya fita da filta, wato siririn gilashin kariya, a gabansa da murfinsa na gaba da na baya, ka kuma ja hankalin masu haya su daina sauya gilashi a tsakiyar fili, su shiga mota ko ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa.

Game da hayar, ka haska kowane gilashi ka ɗauki hotonsa a gaban mai karɓa kafin ya fita da kuma bayan ya dawo. Ƙurar ciki kada ka caje shi a kanta, tana cikin tsufan kaya, sai dai ka sanya ta a lissafin kuɗin haya tun farko. Karce, tsagewa ko shigar ruwa su ne za a cire daga kuɗin ajiyarsa, kuma a rubuta wannan sharaɗi a takarda ya sa hannu kafin kaya su bar shago.