Tarakta don yankan ciyawar makaranta: babba ko ƙarama?

Tambaya: Injiniya, ni ke kula da harabar wata makarantar kwana a Kaduna. Muna da filin ƙwallo biyu da wani fegi da ciyawa ke cinyewa duk damina. Hukuma ta ware kuɗin tarakta, an kuma ja mini kunne cewa in na yi zaɓen tumun dare, a wuyana yake. Dillali ya nace sai Massey Ferguson 375. Na ga wata ƙaramar Kubota ta hannu daga Japan, sai dai sandar PTO ɗinta, wato sandar baya da ke juya injin yanka, ba murfi, bakanike ya ce kowa cire shi yake yi. Wallahi abin ya hana ni barci.

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Dillali la'adarsa yake dubawa. 375 mai ƙarfin doki 75 ce, ta garma da haro. Ka hau filin ƙwallo da ita a watan Agusta, nauyinta zai danne ƙasa, ruwa ya daina shiga, haƙoran tayarta su tone kirikirin da kuka sha wuyar rainonsa. Mai doki 25 zuwa 35 ta ishe ka, mai PTO mai juyi 540 a minti, da tayar R3 mai faɗi, ba R1 ta gona ba. Ka tambayi ƙarfin doki a bakin PTO, don wanda ake rubutawa a jikin bonet na injin ne, kuma ya fi yawa. Lissafin da muke yi shi ne doki 5 ga kowace ƙafa ta faɗin silasha, wato injin yanka mai wuƙa da tarakta ke ja. Silasha ta fegi ce. Fili yana son injin aski mai tayoyinsa.

Ƙananan na Japan don fadamar shinkafa aka ƙera yawancinsu. Tayarsu dogayen haƙora gare ta, PTO ɗinsu giya-giya ne, in direba ya sa a ta sama wuƙa za ta yi gudun da ya wuce ƙa'ida. Wasu kuma ka taka kuloci amma juyin silasha ya ci gaba da tura su gaba, sai an ƙara musu kulocin da ke sakin sanda. Ka ɗauki lambar samfurin ka zaga Panteka ko Ƙofar Ruwa ka ga ko akwai kayan gyaranta kafin ka biya.

Sai maganar bakanikenka, wadda kullum nake ji har ta ishe ni. Sandar nan tana juyi 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. A wannan daƙiƙar za ta naɗe yadi kusan mita 2. Kafin mutum ya ankara an kama shi, hannunsa ya riga ya tafi. Mu kuma ga suturarmu: kaftani, babbar riga, jelar rawani, hijabin ɗaliba da ta zo wucewa. Ƙulli ɗaya da ya leƙo a jikin sanda ya isa ya cafki bakin riga. Yadi mai kyau ba ya yagewa ya sake ka, jawo ka yake yi.

Hujjojinsu na san su. Wai murfi yana hana sa giris. Alhali akwai ramin giris a jikinsa, ƙyuya ce kawai. Wai yana sa sanda zafi. Ban san a makarantar da aka koya musu wannan ba. Wai direba ƙwararre ne. Ai ƙwararrun su ne ke sauka injin na aiki su tsallake sanda don cire ciyawar da ta cushe, sabo ya cire musu tsoro. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai cewa in kwana ya ƙare ko da murfi sai an tafi. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. 'Ya'yan mutane amana ne a hannunku, kuma yaro in ya ji ƙarar tarakta wurinta yake nufa. Ranar da abu ya faru, bakaniken ba za ka gan shi ba, kai za a kira gaban iyaye. Su ma kwamitin saye in sun tashi rage kuɗi, murfi da ƙarfen kariyar kifewa suke fara sokewa, kuɗin zamansu kuwa ba ya taɓuwa.

Ka sa a rubuce cikin takardar ciniki: murfin sanda cikakke da sarƙarsa, da garkuwar bakin PTO, da ƙarfen kariya da bel. Ranar karɓa, a kashe injin, ka juya murfin da hannunka. In bai juya shi kaɗai ba tare da sandar ba, ya lalace, kada ka sa hannu a takarda. Direba ya sa kaya masu kama jiki, ya kashe PTO, ya zare makulli, ya jira wuƙa ta tsaya cak kafin ya sauko. Yanka kuma a yi shi lokacin da ɗalibai ke aji, don silasha tana cilla dutse nesa.