MGB ta shekara 15 a gareji: ta ina za a fara gyaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma tun ina yaro nake sha'awar tsofaffin motoci. Na samu wata MGB mai buɗaɗɗen sama, ƙirar 1970, wadda ta yi kamar shekara 15 a kulle a gareji ba a tayar da ita ba. Fentinta da kyau in ka hango daga nesa, sai dai ƙofar direba tana ɗan gogawa wajen rufewa. Ina so in gyara ta da hannuna a ranakun hutu. Shin in fara da sauke inji, ko in fara da fenti? Me ya kamata in duba kafin in biya kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da inji, kada kuma ka fara da fenti. Wannan ƙofar da ka ce tana gogawa ita ce za ta gaya maka ko motar ta cancanci saye.

MGB, wadda aka ƙera a masana'antar Abingdon daga 1962 zuwa 1980, ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai kamar motocin da suka gabace ta. Bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyi. Tunda kuma taka ba ta da rufin ƙarfe, abin da ya haɗa gabanta da bayanta shi ne ramin da giyabos ke ciki da kuma dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, wato dokin ƙofa. Wannan dokin ƙofa ba falle ɗaya ba ne. Akwai na waje da ido ke gani, akwai wani falle a tsaye a tsakiya, akwai kuma na ƙasa da ya rufe su, duk an haɗa su da walda sun zama akwati. Ruwa da gishirin da ake watsawa a titunan Ingila lokacin hunturu suna shiga cikin akwatin nan su kwanta, tsatsa ta fara ci daga ciki. Kafin ka ga ƙuraje a fenti, na tsakiyar ya riga ya tafi. Idan ya tafi, motar takan lanƙwasa a tsakiya, ratar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta tsuke daga sama, ƙofa ta fara gogawa.

Mai yiwuwa ne gogawar daga maƙalar ƙofa ce kawai da ta ci, wannan kuwa ƙaramin aiki ne. Ga yadda za ka bambance. Buɗe ƙofar kaɗan ka ɗaga ƙarshenta sama. In ta yi wasa, maƙala ce. Sannan ka rufe ta, ka ɗaga motar da jak a gefen, ka sa ido a kan ratar. In ratar ta canza yayin da motar ke tashi, ko ka ji ƙarfe yana ƙara kamar ana tattaka busasshen ganye, bodin ya yi rauni. Ka tafi da tocila, da sukudireba, da ƙaramin maganaɗisu. Ka bi ƙasan dokin ƙofa kana dannawa da sukudireba, ka ɗaga kafet ka duba daɓen ƙarƙashin kujeru, ka leƙa bayan tayoyin gaba inda laka ke taruwa, ka duba inda sifirin baya ya kama bodi. Bayan kujeru akwai murfi, ƙarƙashinsa akwai gidajen batir guda biyu, domin ƙirar shekararka batir biyu masu bolt 6 take amfani da su. Ruwan batir yakan cinye wurin. Duk inda maganaɗisu ya ƙi kamawa a jikin motar, galibi fila aka cika. Ka yi hattara da dokin ƙofa mai sheƙi da ya fi sauran jikin sabunta, domin akwai masu manna sabon falle a kan ruɓaɓɓe su fesa fenti. Wannan ha'inci ne mai hatsari, saboda ranar da aka yi karo babu abin da zai riƙe motar.

Gyara na gaskiya yana buƙatar cire fiffiken gaba, wato fallen bodin da ya rufe tayar gaba, a yanke ƙasan fiffiken baya, domin dokin ƙofa ya shige ƙarƙashinsu duka biyu. Kafin a yanke komai sai an tokare bakin ƙofar da ƙarfe an yi masa walda na wucin gadi, kuma gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. In aka yanke biyun tare, bodin ya karkace, ƙofofin ba za su sake zama daidai ba. Ana barin ƙofar a jikinta a riƙa gwada rata da ita kafin waldar ƙarshe. A cire batir, a kawar da tiyon fetur da wayoyi daga inda wuta za ta kai, a ajiye abin kashe gobara kusa. In ba ka taɓa walda a siririn ƙarfe ba, ba a nan ake koyo ba; ka ba gwani wannan, ka riƙe sauran aikin. Idan tsatsar ta game ko'ina, kamfanin British Motor Heritage yana buga sabon bodin MGB tun 1988 da ainihin injinan bugun masana'antar, amma da tsada, kuma a nan ya kamata ka yi lissafi da idon basira: sau da yawa kuɗin farfaɗo da ruɓaɓɓiyar MGB ya fi kuɗin sayen lafiyayya. Mota mai kyan bodi da mataccen inji ta fi mai injin da ke tashi da ruɓaɓɓen bodi nesa ba kusa ba.

Injin kuwa shi ne mafi sauƙi. Silinda huɗu ne, cc 1798, na ƙarfen zubi, mai haƙuri, kayansa kuma suna nan birjik tunda an ƙera motar fiye da dubu 500. Kada ka sauke shi sai ka ji abin da yake cewa. Amma kada ka sa batir ka murɗa makulli kai tsaye. Cire filogi huɗun, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ko biyu a kowace silinda, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka juya injin da hannu ta notin fulin gaba. In ya ƙi, kada ka tilasta da sitata, zoben fistin ne suka kama kuma za su karye. Ƙara mai ka ƙara haƙuri. In ya juya, zubar da tsohon baƙin mai, sa sabuwar filta, ka zuba 20W-50 na tsofaffin motoci mai sinadarin zink, wajen lita 4 da ɗan ɗori, ka tabbatar da sandar awo. Zink ɗin yana kare kamshaf, wanda man zamani mai ruwa-ruwa ba ya karewa yadda ya kamata a irin wannan inji. Yanzu ka buga sitata ba tare da filogi ba har allurar matsin mai ta motsa. Lafiyayyen inji in ya yi zafi yana nuna matsin mai tsakanin psi 50 da 80 a kan tafiya, a silo kuma yakan sauka zuwa 10 zuwa 25.

Fetur ɗin da ya shekara 15 ya zama danƙo. A zubar, a duba cikin tanki, in da tsatsa a canza shi, don ba ya da tsada idan aka kwatanta da wahalar da zai jawo. Duk tiyon roba na fetur a sauya shi da mai lambar R9, saboda fetur ɗin E10, mai gaurayen sinadarin ethanol har kashi 10 cikin 100, da ya zama na yau da kullum a Birtaniya tun Satumba 2021 yana cin tsohuwar roba. In za ka iya, ka riƙa shan E5, wanda ethanol ɗinsa bai wuce kashi 5 ba. Famfon fetur na lantarki ne, yana baya kusa da gidan batir, kuma idan ka kunna makulli ya kamata ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas sannan ya yi shiru. In bai yi ƙara ba, kwantak ɗinsa ne ya kama. In bai daina ba, fetur yana zuba wani wuri, galibi allurar kofin kafireta ce ta ƙi rufewa, kuma kofunan suna saman bututun hayaƙi mai zafi, don haka kashe makulli nan take.

Kafireta biyu ne na kamfanin SU, kuma an fi zarginsu da laifin da ba nasu ba. Yawancin abin da ake kira matsalar kafireta daga wuta yake. Don haka a bi tsari: ratar bawul inci 0.015 da sanyin inji, ratar kwantak 0.015, ratar filogi 0.025, wayoyin filogi a jere 1-3-4-2, a saita tamin, sai a ƙarshe a taɓa kafireta. A wanke su, a zuba ɗan mai a kofin da ke samansu, a ɗaga fistin kowanne da yatsa a sake shi. Ya kamata ya sauka a hankali ya yi ɗan ƙara a ƙasa. Bayan injin ya tashi ya yi zafi sai a auna matsin silinda. In huɗun sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, bar shi ya yi aiki. Kan injin nan yana tsagewa a tsakanin silinda ta biyu da ta uku idan ya sha zafi, saboda haka a wanke lagireto, a sabunta tiyoyin ruwa da tamostat. Ranar da kan injin ya sauko don wani dalili, a sa masa mazaunin bawul masu tauri, domin an ƙera shi ne don fetur mai dalma wanda aka daina sayarwa.

Kafin motar ta taka titi, birki. MGB ta kasuwar Birtaniya ta 1970 layin birki ɗaya gare ta, ma'ana tiyo ɗaya in ya fashe, ƙafafu huɗun sun rasa birki lokaci guda. A nan ba ma ba da shawarar gwaji ko lallaɓawa: masta, silindodin baya, robobin kalifa, tiyoyin roba, duk a sabunta, bututun ƙarfe kuma a maye su da na gaurayen tagulla da nikel, a zuba man birki DOT 4, a riƙa canza shi duk shekara biyu domin yana shan ruwa daga iska. Kuloci ma da mai yake aiki, a yi masa haka. Yakan manne bayan dogon zama, kuma canza shi sai an fitar da inji, shi ya sa in za ka sauke inji wata rana ka canza kuloci a lokacin. Tayoyi a jefar ko da zanensu bai ci ba. Dokar Birtaniya ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 gwajin MOT, wato binciken lafiyar mota na shekara-shekara, in ba a yi mata babban sauyi ba, amma ka kai ta gwajin duk da haka, ido na biyu yana da amfani.

Wayoyin Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar motar, sun yi ƙaurin suna, alhali yawanci datti ne a mahaɗai da rashin kyakkyawan at, wato mahaɗin da ke mayar da wuta ta jikin bodi. Launukan suna da ma'ana: baƙa at ce, fara tana samun wuta in an kunna makulli, koriya haka amma ta bi ta fis, ruwan ƙasa kuwa kullum da wuta kuma babu fis a gabanta. Ita ce ke ƙona mota, don haka sa makunnin yanke batir. Ka kuma nemi sifanu na inci, irin su 7/16, 1/2 da 9/16. Na milimita za su cinye kan notin.

Kada ka wargaza motar gaba ɗaya a mako guda. Gareji da yawa a Ingila cike suke da MGB a cikin kwalaye, waɗanda masu su suka kwance da zafin nama sannan gwiwa ta yi sanyi. Ɗauki sashe ɗaya, yi masa hoto kafin ka kwance, zuba notinsa a leda ka rubuta suna, gama shi, sannan ka wuce. Sayi littafin gyaranta, ka shiga MG Owners' Club ko MG Car Club, za ka samu wanda zai raka ka duba motar kafin ka biya. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan an gama walda an gwada ƙofofi da murfin inji sun zauna.

Bayan ta hau titi, kulawar ba ta da yawa amma ba ta son fashi. Giris a ƙafafun gaba duk mil 3,000, in ba haka ba kimfin ya ci sitiyari ya fara rawa. Baƙin mai aƙalla sau ɗaya a shekara. Giyabos ɗinta man inji 20W-50 yake sha, akasil na baya kuma EP90, kada a musanya. Shokazobanta irin mai hannu ne da ake ƙara wa mai, a duba ko suna yoyo. A fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa da ƙofofi bayan walda, a maimaita duk 'yan shekaru, a kuma tabbatar ramukan fitar ruwa na ƙasa a buɗe suke. In an fita da ita a kan gishiri a wanke ƙasanta a ranar. Kuma a riƙa tuƙa ta, ko da minti 30 ne duk mako biyu, har injin ya yi zafi sosai, domin tayar da ita minti biyar a gareji ruwa kawai yake tarawa a salansa da cikin baƙin mai.